Ƙafar Turai

Ranar da Malam Maccido ya mayar wa dangin Ɗan Juma da goronsu, 'yarsa Taibatu tana maƙale a bayan ƙyauren zaure tana jin komai. Dattawa uku ne suka taso tun daga Talatar Mafara har Bakura, kowa ya sha rigarsa ta Sallah. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da iyali da zafin rana da labarin ruwan madatsa, sannan babbansu ya turo ƙwaryar goro gaban Malam. Malam ko faifan da aka rufe ta da shi bai ɗaga ba. Ya ce su yi haƙuri, yarinya an riga an yi mata wuri.

Ba a yi mata wurin komai ba, kuma duk wanda ke zauren ya san haka. Laifin Ɗan Juma ɗaya ne: ubansa barunje ne, jinin rundawa, mahauci ɗan mahauci, mai rumfar nama a kasuwar Talata. Gidan Malam Maccido kuwa tun kakanni allo da tawada aka sani. Za su ci naman barunje su suɗe yatsa, su yi masa addu'ar kasuwa, amma ba shi 'ya, a nan ne ake tuna asali.

Taibatu ta koma ɗaki ta kifa kai a kan gado ta yi kuka mai isarta.

Ita ba yarinya ba ce. Bazawara ce mai shekara ashirin da huɗu. Mijinta Umaru mutumin Maradun ne, ya rasu shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya haɗiye fadamarsu aka kwashe su zuwa sabon matsuguni a kan tsandauri. Zazzaɓin kwana shida ya ɗauke shi, ya bar ta da 'ya ɗaya, Turai. Ta gama takaba ta dawo gidan ubanta da goyonta. Ba a yi wata biyar ba ita ma Turai ta kwanta zazzaɓi, da ta tashi ƙafarta ta dama ba ta tashi tare da ita ba. Shan-inna, in ji kowa, wai aljana ce ta sha ƙafar. Ƙafar ta tsotse, gwiwa ta lanƙwashe, diddige ya ɗage sama ya ƙi taɓa ƙasa. Yarinyar da ta fara gudu ta koma jan gindi.

A haka Ɗan Juma ya gan ta a ƙofar gida, tana jan jiki tana bin 'yan tsaki. Shi kuwa ya yi karatun gashin ƙashi a wani asibiti a Kano, aikin miƙe gaɓoɓin da suka sandare da farfaɗo da jijiyoyin da suka yi sanyi. Da ya dawo aka ba shi wani ɗan ɗaki a asibitin Mafara, aka yi ta masa dariya, wai likitan da ba ya allura ba ya ba da ƙwaya, sai tausa kamar tsohuwar unguwarzoma. Da ya ga ba a kawo masa yara masu shan-inna, sai ya hau babur ya shiga ƙauyuka yana nemansu da kansa.

Ya nemi izinin Malam, Malam ya ce a gwada, magani na Allah ne. Wata bakwai ke nan, duk Litinin da Alhamis da hantsi, sai an ji ƙarar baburinsa. A shimfiɗa tabarma a zaure, ya gasa ƙafar da tsumma da ruwan ɗumi, ya mulke ta da man shanu, ya yi ta miƙarwa Turai tana tsala ihu tana zaginsa da ɗan bakinta. Ya zana wa wani maƙeri takalmin ƙarfe aka ƙera mata. Ya kafa gora biyu a tsakar gida don ta riƙa dafawa. Makon da ya wuce Turai ta yi taku tara a tsakanin gorar nan, har ɗaliban Malam suka ajiye allo suka yi kabbara.

Taibatu ce mai kawo ruwan ɗumi. Daga miƙa ƙwarya da karɓar ƙwarya abin ya shiga, babu wanda ya shirya shi.

Sai dai ko a ranar taku taran, Taibatu ba ta yi guɗa ba, ba ta ko ɗaga kai daga tsintar shinkafar da take yi ba. Turai 'yar fari ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da zamansa. Haka ta taso ta gani, haka take yi. In za ta kira ta sai ta ce, “Ke, wance.” Sai in sun kaɗaita a ɗaki ne take rungume ta tana shinshinar kanta.

Kwana uku da mayar da goro, da azahar, motar kasuwa ta sauke baƙi daga Maradun. Indo ce, uwar marigayi Umaru, tare da ɗanta Sirajo. Sirajo ƙanin marigayi ne, tsohon ɗalibin Malam, saurayi mai kamun kai da yawan sunkuyar da kai ƙasa. Sau biyu yana aiko da maganar yana son ya riƙe matar wansa, sau biyu Taibatu tana cewa a ba ta lokaci.

Indo ta shigo tsakar gida, matan maƙwabta suka taru gaishe ta. Taibatu ta durƙusa nesa, ta rufe rabin fuska.

“Ina wuni, Inna? Kun zaka lahiya? Ƙaƙa mutanen gida? Ƙaƙa gajiyar hanya?”

“Lahiya lau, ɗiyata. Ƙaƙa haƙuri?”

“Da godiya.”

Ana cikin haka Turai ta fito tana dafa gora, takalmin ƙarfenta yana ƙwal-ƙwal. Indo ta dafe ƙirji.

“La'ilaha illallahu! Mi za ni gani hakanga? Wa yas sa ma jikata mari kamar mahaukaciya? Ku ba ku san mai abin ba ta son ƙarhe ba? Wadda tash sha ƙahwag ga lallashinta a kai, a aje mata nono a gindin tsamiya, a ba ta haƙuri. Ku kuwa kun sa ƙato shina ja mata ƙahwa, kuna tsokanar wadda ba a tsokana. So kukai ta dawo ta sha guda da tar rage?”

Ta jawo yarinyar ta ɗora a cinya, ta shiga kwance igiyoyin takalmin tana hawaye, don ita ma tsakani da Allah son jikarta take yi. Da ta cire ta jefar da shi gefe, sai ta dubi Taibatu a gaban matan nan duka.

“Taibatu, na ji labarin rundawa sun kawo goro. Ni ban zaka hwaɗa ba. Tambaya guda za ni yi miki. Ɗiyag ga ta Umaru, in nac ce za ni tahi da ita in riƙa, kina da magana?”

Zuciyar Taibatu tana ihu tana cewa a'a. Amma ga suruka, ga idon mata goma, ga 'yar fari. Wace marar kunya ce za ta buɗe baki a nan ta ce ina son 'yata? Bakinta ya faɗi abin da aka koya masa tun tana ƙarama.

“Ai ɗiyakku ta, Inna. Ni mi ag gamina da ita?”

Matan suka gyaɗa kai, wata har da cewa, “Allah shi yi miki albarka, ɗiyar malamai.” Kowa a wurin ya san maganar kunya ce, irin wadda ake faɗa a amsa da “a'a, riƙe abinki.” Indo ma ta sani sarai. Sai dai ba ta amsa da hakan ba.

“To, alhamdu lillahi. Kun dai ji da kunnuwanku. Jumu'a in Allah ya kai mu, da ita za ni koma.”

Taibatu ta tashi ta shiga madafa. Ta tsaya a gaban murhun da babu wuta, tana cizon bayan hannunta don kada a ji sautinta.

Bayan la'asar ta sami mahaifinta a turakarsa, littattafai a gabansa. Ta durƙusa, kuka ya hana ta gaisuwa.

“Malam, ka ji abin da anka yi?”

“Na ji. Ke kib ba ta da bakinki.”

“Kunya ta, Malam! Kai ma ka san kunya ta. Ƙaƙa za ni ce ina so, gaban jama'a?”

“Na sani.” Ya cire tabarau ya ajiye. “Amma ko ba ki hwaɗi ba, Taibatu, zancen guda na. In kin auri bare, riƙo ya hita hannunki. Da uwakki na da rai, ita za ta amsa. Ba ta da rai, ba ta bar ƙanwa ba. Kaka ta wajen uba ita ka bi. Ni nika karantar da wanga hukunci, ba ni iya take shi don ya zaka bisa kaina.”

“To, shi Ɗan Juma mi yay yi? Ba Musulmi na ba? Ba shi yat tada ɗiyag ga tsaye ba? Wane littahi yac ce kada a ba barunje mata?”

Malam dattijo ne mai gaskiya, abin da ya sa maganar ta fi ciwo ke nan.

“Littahi bai hana ba. Bakura ta hana. Ran da nib ba shi ke, rannan za a kwashe ɗiyan mutane daga makarantag ga, ƙannenki mata kuwa su tsuhwa a ɗaki. Yaron kirki na, wallahi na sani. Ban da ƙarhin da za ni ɗauki wanga kaya, na tsuhwa.”

“Ni kuwa ina da ƙarhin da za ni ɗauka?”

“Ga Sirajo nan. Baffan Turai na, in kin aure shi riƙo bai hita hannunki ba. Ki bi ɗiyakki Maradun. Ba ni yi miki tilas, ke ba budurwa ba ta. Ki zaɓa.”

Wai ta zaɓa. An ɗaure akuya an ce mata ga daji nan.

Da za ta fito ta yi kiciɓis da Sirajo a soro na biyu, ya dawo daga masallaci. Ta ja mayafi, ta yi ƙarfin halin da ba ta taɓa yi ba.

“Malam Sirajo, in na yarda, za a bar mai gashin ƙashi shi riƙa zuwa Maradun?”

Ya sunkuyar da kai kamar kullum, amma muryarsa ba ta yi rawa ba.

“Taibatu, duk abin da kika so za ni yi miki daidai ƙarhina. Ba ni bari ki nemi ci ko sutura. Amma mutumin da yan nemi aurenki shi riƙa sallama ƙohwar gidana sau biyu a mako? Ke ma kin san ba shi yiwuwa. Kuma Inna ta rantse ba a sake ja ma yarinyag ga ƙahwa a gabanta.”

“In ba a ja ba, komawa za ta yi ta naɗe.”

“Allah shi ka tada gurgu, ba mutum ba.”

Ya wuce. Ba mugu ba ne, kuma hakan bai rage mata komai ba.

Kwana biyu tana juya abin. In ta bi zuciyarta, ba ma lallai a ba ta Ɗan Juma ba, Turai kuwa ta tafi Maradun ita kaɗai, a rataye takalmin ƙarfe a rumbu, a yi ta ajiye nono a gindin tsamiya har ƙafar ta koma yadda take. In ta bi Turai, ta rabu da shi har abada, kuma ƙafar dai babu mai miƙe ta. Ta ko'ina yarinyar ce a ƙasa. Ranar Laraba da safe ta aika wa Malam cewa ta amince, a ɗaura da Sirajo bayan sallar Juma'a.

Alhamis da hantsi aka ji babur.

Indo ta tafi gaishe-gaishe cikin gari, Malam kuwa da ya ji ƙarar sai ya tattara ɗalibansa ya koma da su rumfar masallaci, ya bar zauren. Iyakar abin da ya iya yi wa 'yarsa ke nan.

Taibatu ta fito da ƙwaryar ruwan ɗumi, Turai tana biye da ita da jan gindi, don tun ranar da aka cire takalmin ba a mayar ba. Ɗan Juma yana tsaye da jakarsa, dogo, ya rame a kwana shidan nan har rigar aikinsa ta yi masa yawa.

“Ina kwana, Taibatu?”

“Lahiya lau. Ka zaka lahiya? Ƙaƙa su Baba?”

“Suna lahiya. Ƙaƙa mai jiki?”

“Da sauƙi.”

Gaisuwar ta ƙare. Taibatu ta ajiye ƙwaryar.

“Ɗan Juma, gobe za a ɗaura mani aure.”

“Na ji tun jiya. Direban motar Bakura ya hwaɗa ma babana a kasuwa.”

“Ba ka ce komi ba.”

“Mi za ni ce? In ce ki bar ɗiyakki ki biyo ni? In kin yi hakanga, ba ke ta wadda nika so ba.”

Sai kukan ya ƙwace mata. Ta zauna daɓas a kan tabarma ta rufe fuska da mayafi.

“Wallahi ban so ba! Wallahi da bakina nib ba da ita, ina ji ina gani, don kada a ce ban da kunya. Kunyar mi? Wa tat taimaka? Kai ka wahala wata bakwai, rana da ruwa, ko kwabo ba ka amsa ba, sakamakonka a maido ma da goro kamar wanda yaz zaka bara. Ka yahe mani, Ɗan Juma. Ka yahe ma Malam.”

“Malam bai yi mani komi ba. Tun ina makaranta nika jin ana ce mani ɗan rundawa mai ƙarnin jini. Na yi zaton in na sa hwarar riga za a manta. Wautata ta.” Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. “Ki bar kuka, rana na tahiya. Yau ban zaka zance ba, aiki nika da shi, kuma ba ni za ni yi shi ba.”

Ya buɗe jaka ya fito da wani abu a naɗe cikin takarda. Da ya warware, sai ga ƙafar rago ta baya, ɗanya, an feɗe ta tsaf. Taibatu ta ja da baya.

“Mi an nan?”

“Daga rumhwar babana. A Kano da zane da gunkin roba anka koya muna, amma ni tun ina shekara bakwai nis san abin ga a hannu. Matso ki gani. Ba ni iya kama hannunki in nuna miki, to ki kama wagga.”

Ta matso. Ya nuna mata wata farar igiya mai kauri da ta sauko ta bayan ƙafar ta kama ƙashi.

“Wagga ita ta agara. Taɓa ki ji. In dabba na tahiya, kullum tana miƙewa tana komawa. In ƙahwa ta daina aiki, sai ta gajarce ta yi tauri, ta ja diddige sama. Ta Turai hakanga tay yi. Ba wata mai shan ƙahwa da za ta ji haushi, Taibatu, igiya ta, kuma igiya in ana ja kullum tana saki. In an bari mako ukku, aikin wata bakwai ya tashi banza.”

Ya sa ta riƙe ƙafar ragon, tafin hannun hagu a kan gwiwa, na dama ya tallafi diddige. Ta tura, agarar ta miƙe a ƙarƙashin yatsunta, ta saki, ta koma. Ya sa ta maimaita har sau goma yana gyara mata da baki. Kada ta kama yatsu, diddige za ta kama. Kada ta fizga, a hankali za ta tura har ta ji abin ya tsaya, sannan ta ƙara kaɗan. Ya nuna mata yadda za ta kwantar da yarinyar rub da ciki ta danne ƙugu don gwiwa ta miƙe, da yadda za ta ɗaura takalmin ba tare da ya ci fata ba, da inda za ta duba in ya fara yi mata kaɗan.

“Sahe da marece, kullum, ko ranar Salla. In sun hana takalmi da rana, ki sa mata in kun shiga ɗaki. In sun hana gora, ki kama hannuwanta ta taka bisa ƙahwahunki. Ɗakinki naki na, ba mai shiga shi ga abin da kika yi.”

“In Inna ta ji kukanta hwa?”

“Ki ce kitso kika yi mata.”

Dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar hawaye, ta koma kuka.

Ya naɗe ƙafar ragon ya ajiye, ya wanke hannu. Turai ta riga ta kwanta a tabarma da kanta ta miƙo masa ƙafa, ta saba. Ya tsuguna ya shafa kanta.

“Turai, yau ba ni za ni yi ba.”

Ya ja da baya ya bar wa Taibatu wurin. Ta gasa ƙafar, ta shafa man shanu. 'Yar ƙafar ba ta fi kaurin muciya ba. Ta kama diddige ta tura a hankali. Turai ta ƙwalla ƙara, nan take Taibatu ta saki kamar ta taɓa wuta.

“Ba ni iyawa! Ciwo taka ji!”

“Ciwo taka ji, i. Kuma za ta ji gobe, za ta ji jibi.” Muryarsa ta yi kaurin da ba ta taɓa ji ba. “Wagga ita ta matsalar uwaye, shi yas sa ba mu cika bar musu aikin ga ba. Da yaro ya yi kuka sai su saki, su ce tausai. Wanga tausai shi ka bar yaro a ƙasa har shi yi gemu. Ke ba ki da wani sai ke. In kin saki, ba mai kamawa bayanki.”

“Har yaushe za ni riƙe?”

“Ni da agogo nika yi. Ke ki yi salati goma, kada ki yi sauri. Ko mi kij ji, ko mi yah hwaru, kada ki saki sai kin cika. Kin yi mani alkawari?”

Ta dube shi. Idanunsa sun yi ja.

“Na yi.”

“To, kama.”

Ta kama. Ta tura har ta ji inda abin ya tsaya, ta ƙara kaɗan. Turai ta sandare tana ihu, tana dukan tabarma, tana kiran Ɗan Juma ya zo ya cece ta, shi da kullum take zagi. Taibatu ta runtse ido ta fara salati, hawaye yana ɗiga a kan hannunta da ƙafar yarinyar.

Tana na uku ta ji ya ce, can ƙasa-ƙasa, “Hakanga. Daidai ke nan. Kada ki saki.”

Tana na biyar ta ji ƙarar zugar jaka.

Tana na shida ta ji takunsa ya nufi ƙofa, ya ɗan tsaya, ya ci gaba. Ta buɗe ido, ba ta ga komai ba sai labulen asabari yana lilo. Ashe sallamar ke nan. Duk maganar da ta kwana biyu tana tarawa ta faɗa masa tana nan a maƙogwaronta, ko Allah ya kiyaye hanya ba ta ce ba. Taku huɗu ne tsakaninta da ƙofar.

Tana na bakwai babur ya tashi.

Ƙafar ta nemi zamewa daga hannunta. Ta ƙara damƙe diddigen, ta danne gwiwar, ta ja salati na takwas a hankali yadda ya ce, ta yi na tara, ta yi na goma. Kafin ta cika, ƙarar ta riga ta ɓace a hanyar Mafara.

Ta saki. Turai tana shessheka ta janye ƙafarta, ta dubi uwarta da jajayen idanu.

“An gama?”

Taibatu ta share fuska da gefen zane, ta tsoma tsumma a ruwan da ya fara hucewa.

“Ba a gama ba. Juya, saura gwiwa.”